Hicham El Guerrouj: me ya sa sai bayan zinaren 2004 aka yi masa cikakkiyar shaida?

Abu Sumayya ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da wata tambaya da ta kwana biyu tana yi mini yawo a rai, kuma ina fatan waɗanda suka fi ni sanin harkar guje-guje za su warware mini ita. A kwanakin baya na zauna na kalli tsofaffin bidiyon tseren Hicham El Guerrouj, ɗan ƙasar Maroko, tun daga faɗuwar da ya yi a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 har zuwa nasarar da ya samu a Atina, babban birnin Girka, a 2004. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda ake ba da labarinsa kamar a daren Atina ne ya zama gwarzo, alhali kuwa shekara shida kafin wannan dare ya riga ya gudu mita 1500 cikin minti 3 da sakan 26 cif, lokacin da yau ya haura shekara 25 ba a sami wanda ya kamo shi ba.

Na duba lissafin, sai na ga cewa a Atina ya kammala tseren ne a 3:34.18, wato ya yi jinkirin sakan takwas idan aka kwatanta da abin da ya yi a Roma a 1998. Sakan takwas a irin wannan gudu tazara ce ta kusan mita sittin. To, yaya aka yi tseren da ya fi nawa ya zama shi ne ma'aunin girman mutum, wanda ya fi sauri kuma ya koma abin da ake ambatawa daga baya? Ina kuma son sanin ko karramawar da aka yi masa, a ƙasarsa da wajenta, duk bayan 2004 ta zo, ko kuwa akwai wadda ta riga ta. Na gode.

Malam Mai Alƙalami ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Abu Sumayya. Amsar tambayarka tana cikin yadda abubuwan suka bi juna, saboda haka zan ɗauko su daga tushe, ka yi haƙuri da tsawon bayanin.

An haifi El Guerrouj a garin Berkane da ke arewa maso gabashin Maroko ranar 14 ga Satumba 1974. Masu bibiyar tsere sun fara lura da shi a 1992, lokacin da ya zo na uku a mita 5000 a gasar matasa ta duniya a Seoul, tseren da Haile Gebrselassie na Habasha ya lashe. A wancan zamani sarautar mita 1500 tana hannun Noureddine Morceli na Aljeriya, wanda ya rinƙa cin duk wanda ya kara da shi, kuma shi ne ya bar El Guerrouj a matsayi na biyu a gasar duniya ta 1995 a Gothenburg. Da aka je Atlanta a shekarar da ta biyo, yaron yana da shekara 21, kowa kuma ya san shi kaɗai ne ake ganin zai iya tsone wa Morceli ido. Ana dab da kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe, yana manne da bayan Morceli kamar inuwa, sai ƙafarsa ta haɗu da diddigen Morceli, ya kife a ƙasa, har sai da Fermín Cacho na Sifaniya ya yi tsalle ya haye shi. Ya miƙe ya ƙarasa, amma na 12 ya zo, wato na ƙarshe. Shi da kansa ya sha ba da labarin cewa yana cikin kuka bayan tseren aka miƙo masa waya, ashe Sarki Hassan na Biyu ne yake kiransa domin ya lallashe shi. Wata guda bayan haka ya doke Morceli a Milan, wanda rabon da a ci shi a mita 1500 an yi shekara huɗu.

Daga 1997 zuwa 2003 kusan babu abin da ya gagare shi. Ya ci gasar duniya sau huɗu a jere, a 1997 da 1999 da 2001 da 2003. Ranar 14 ga Yuli 1998 a Roma ya sauko da tarihin duniya na mita 1500 da Morceli ke riƙe da shi daga 3:27.37 zuwa 3:26.00, abin da ke nufin, idan aka raba lokacin daidai, kowane zagaye na mita 400 ya yi shi ƙasa da sakan 55, sau uku da ɗoriya ba tare da sassautawa ba. Ranar 7 ga Yuli 1999, a wannan fili na Roma, ya gudu mil ɗaya a 3:43.13, kuma a daren Noah Ngeny na Kenya ya bi shi har bakin layi da 3:43.40, su biyun duka suka wuce tsohon tarihin. A shekarar dai ya ƙara da na mita 2000 a Berlin.

Sai Olamfik ta Sydney a 2000. Ya shiga tseren ƙarshe a matsayin wanda ake ganin zinaren nasa ne tun kafin a harba bindiga, ya shigo miƙaƙƙen layin ƙarshe yana gaba, amma Ngeny ɗin nan da ya saba biyo shi a baya ya zo ya wuce shi a 'yan mitocin da suka rage. Ngeny ya yi 3:32.07, shi kuma 3:32.32. Ka ga ke nan a idon mutumin da ba ya kallon tsere sai lokacin Olamfik, kuma irin waɗannan su ne mafi yawan jama'ar duniya, sau biyu kacal ya taɓa ganin El Guerrouj: sau ɗaya yana kwance a ƙasa, sau ɗaya yana zaune yana hawaye da azurfa. Gasannin Roma da Zurich da Brussels, inda ya yi ta cin karensa babu babbaka, masoya wasan ne kawai ke zama su kalle su. Nan ne bambancin ya samo asali.

Shekarar 2004 ma ba ta fara masa da daɗi ba. Ya yi fama da matsalar numfashi, ya zo na takwas a Roma a watan Yuli, sannan Bernard Lagat na Kenya ya doke shi a Zurich ana saura mako ɗaya a fara Olamfik. Yana dab da cika shekara 30, kuma ɗan tseren matsakaicin zango ba kasafai yake samun Olamfik na huɗu da ƙarfinsa ba. Ranar 24 ga Agusta Lagat ya wuce shi a layin ƙarshe kamar yadda Ngeny ya yi masa, sai dai a wannan karon ya sake yunƙurowa ya karɓe gaban, ya ci da bambancin kashi 12 cikin ɗari na sakan. Kwana huɗu bayan haka ya doke Kenenisa Bekele da Eliud Kipchoge a mita 5000. Rabon da namiji ya haɗa waɗannan biyun a Olamfik ɗaya tun Paavo Nurmi na Finland a 1924, shekara 80 ke nan. A ganina, abin da jama'a suka girmama a Atina shi ne shekara takwas ɗin da ya yi yana ɗauke da wannan tabo, ba adadin sakan ɗin da agogo ya nuna ba.

Tsohon Ɗan Tsere ya amsa:

Bayanin Malam Mai Alƙalami ya gamsar ta fuskar tarihi, amma ina so in ƙara wani abu daga ɓangaren wanda ya taɓa sa takalmi mai ƙusa ya tsaya a layi, domin a ƙuruciyata na yi mita 800 da 1500, ko da yake ban kai ko'ina ba. Ɗana Abu Sumayya, kuskuren da ke cikin lissafinka shi ne ka auna tseren Roma da na Atina da mudu ɗaya, alhali wasanni biyu ne daban waɗanda nisa kawai ya haɗa su.

A irin gasar Roma, masu shiryawa suna ɗauko ja-gaba su biya shi, wani lokaci ma mutum biyu. Aikinsa shi ne ya shiga gaba ya riƙe saurin da aka yi yarjejeniya a kai, ya tsaga iska, idan ya kai inda ƙarfinsa ya ƙare sai ya fice gefe. Gwanin da ke bayansa ba ya tunanin komai sai bin ƙafa. 'Yan tseren suna jeruwa ɗaya bayan ɗaya kamar zare, babu turereniya, kuma sau ɗaya za a yi a daren. A Olamfik kuwa babu ja-gaba na haya, kuma sai ka tsallake tseren neman gurbi da na kusa da ƙarshe cikin 'yan kwanaki kafin ka ga tseren ƙarshe. Babu mai son shiga gaba, domin wanda ya ja yakan ƙone ƙarfinsa ya share wa na baya hanya. Saboda haka sai mutum goma sha biyu su dunƙule wuri ɗaya suna tafiyar hawainiya, kowa yana satar kallon kowa.

Wannan dunƙulewa ita ce abin tsoro. Na tuna wani tsere da na shiga ina jin ƙarfina fiye da kowace rana, na kwanta a layin ciki ina murna cewa ba na ƙara wa kaina nisa. Da aka kaɗa ƙararrawa sai na tarar akwai mutum a gabana, akwai wani a kafaɗata ta dama, akwai kuma wanda numfashinsa ke dukan ƙeyata. Ina kallo waɗanda na fi gudu suka zagaya ta waje suka tafi, ni kuwa babu ƙofa. Da na matsa in fita, ƙusar takalmin na gaba ta tsage mini ƙwauri, na ƙarasa na biyar da jini a safa da kuma sauran ƙarfin da ban yi amfani da shi ba. Har yau idan na ga bidiyon Atlanta sai in ji tsikar jikina ta tashi, domin na san tazarar da ke tsakanin bin mutum a kusa da taka masa diddige ba ta kai taƙi ɗaya ba.

Idan kana son ka ga iyakar wannan al'amari, dubi Olamfik ta Rio a 2016, inda Matthew Centrowitz na Amurka ya ci zinare a 3:50.00, sakan 24 bayan tarihin duniya, kuma babu wanda ya rage wa lambarsa daraja. Shi kansa El Guerrouj ya san rauninsa, shi ya sa ƙasarsa ta rinƙa sadaukar da ɗan tsere ɗaya domin ya ja masa. A gasar duniya ta Seville a 1999 Adil Kaouch ya yi masa wannan aiki, aka sami 3:27.65, dabarar ta yi kyau. A Sydney aka ɗora wa Youssef Baba, saurin bai kai yadda ake so ba, 'yan Kenya suka iso zagayen ƙarshe da sauran ƙarfinsu. A Atina babu wanda ya ja masa. An yi kusan zagaye biyun farko a sanyaye, sai shi da kansa ya karɓi gaba tun da sauran kusan mita 800, ya rinƙa ƙara wuta a hankali, kowace mita ɗari ta fi ta bayanta zafi, domin ya tsotse ƙarfin masu jiran ƙarshe kafin a kai ƙarshen. Waɗannan mita 800 ya yi su ƙasa da minti 1 da sakan 47. Wanda ya san wasan, wannan adadin yake kallo, ba 3:34 ba.

Ɗalibin Lissafi ya amsa:

Ina neman afuwar manyana, amma ni ban gamsu da tushen tambayar ba, kuma ina ganin an ɗan ba Olamfik fiye da haƙƙinta a amsoshin da suka gabata.

Hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta zaɓi El Guerrouj gwarzon shekara a 2001 da 2002 da 2003, sau uku a jere, duk kafin ya taɓa zinaren Olamfik, kuma duk bayan an doke shi a Sydney. Wannan shaida ce daga waɗanda suka san abin da suke aunawa. Sannan mu tambayi kanmu: tsakanin Noah Ngeny da ya ci zinare a 2000 da El Guerrouj da ya ci azurfa, sunan wa ya fi zama a bakin mutane ko da a 2003 ne? Haka nan a mita 800 na wannan gasa ta Sydney, Nils Schumann na Jamus ne ya ɗauki zinare, Wilson Kipketer, haifaffen Kenya mai yi wa Denmark gudu, ya zo na biyu. Kipketer bai taɓa cin zinaren Olamfik ba, amma tarihinsa na 1:41.11 da ya kafa a 1997 ya zauna shekara 13 kafin David Rudisha ya ture shi, kuma duk wanda zai lissafa gwanayen mita 800 sai ya ambace shi kafin ya tuna da Schumann.

Misalin da ya fi ƙarfi shi ne Roger Bannister na Ingila. A Olamfik ta Helsinki a 1952 na huɗu ya zo, bai sami ko tagulla ba. Ranar 6 ga Mayu 1954 a Oxford ya zama mutum na farko da ya gudu mil ɗaya ƙasa da minti 4, da 3:59.4, kuma da taimakon ja-gaba biyu, Chris Brasher da Chris Chataway. Tarihin nasa kwana 46 kawai ya yi John Landy na Ostireliya ya karya shi. Duk da haka, da wuya a sami ɗan tseren matsakaicin zango da sunansa ya zaga duniya kamar nasa. Akwai kuma Filbert Bayi na Tanzaniya, wanda ya kafa tarihin mita 1500 a gasar Commonwealth ta 1974 yana gaba tun daga farko har ƙarshe ba tare da wani ya ja masa ba, sannan ƙauracewar da ƙasashen Afirka suka yi wa Olamfik ta Montreal a 1976 ta hana shi gwada sa'arsa a lokacin da yake ganiyarsa. Shin za mu ce siyasa ta rage masa girma?

Abin da nake nufi shi ne, da Lagat ya riƙe gabansa na waɗancan mitoci kaɗan a Atina, El Guerrouj zai ci gaba da zama mutumin da ya fi kowa saurin mita 1500 da mil ɗaya. Bambancin kashi 12 cikin ɗari na sakan, wanda bai kai mita ɗaya ba, bai kamata ya zama shi ne ke yanke hukunci a kan aikin shekara goma ba.

Malam Mai Alƙalami ya sake amsawa:

Ɗalibin Lissafi ya kawo hujja mai nauyi, kuma na yarda da shi cewa masana ba su jira Atina ba. Sai dai misalin Bannister yana da nasa sirrin: minti 4 adadi ne da kowa zai iya riƙewa a ka, kuma shi ne na farko, abin da ba a iya ƙwace wa mutum. 3:26.00 ba ta da wannan farin jinin a wurin wanda bai san wasan ba. Sannan tarihi aro ne. El Guerrouj ya riƙe na mita 1500 da na mil ɗaya a rufaffen fili tun 1997, amma a 2019 'yan Habasha biyu, Samuel Tefera da Yomif Kejelcha, suka karɓe su cikin makonni kaɗan, na mita 2000 kuma Jakob Ingebrigtsen na Norway ya karɓe shi a Brussels a 2023. Biyun da suka rage, wato na mita 1500 da na mil ɗaya a buɗaɗɗen fili, su ma wata rana za su tafi. Zinaren Atina guda biyu kuwa suna nan a rubuce da sunansa. Kuma ba mu ne muka ɗora wa Olamfik wannan nauyi ba, shi ne: wanda ya ga yadda ya durƙusa ya kai goshinsa ƙasa bayan ya tsallake layi, Lagat ya zo ya rungume shi, ya san wane tsere ne ya fi tsaya masa a rai.

Ummu Fadila ta amsa:

Assalamu alaikum. Na ga an yi nisa a kashin farko na tambayar an bar na biyu, wato batun karramawa, shi ne na ce bari in sa baki.

Kafin a fahimci matsayin El Guerrouj a Maroko, sai an koma 1984, gasar Los Angeles, inda ƙasar ta sami zinarenta biyu na farko. Nawal El Moutawakel ta ci mita 400 na tsallake shinge, ta zama mace ta farko daga ƙasar Musulmi da ta ci zinaren Olamfik, kuma an ruwaito cewa Sarki Hassan na Biyu ya ce a sa wa 'yan matan da aka haifa a ranar sunanta. Saïd Aouita ya ci mita 5000, farin jininsa ya kai har jama'a suka laƙaba wa jirgin ƙasa mai sauri da ke zirga-zirga tsakanin Casablanca da Rabat sunan Aouita. El Guerrouj yana ɗan shekara tara a lokacin, kuma Aouita ne gwarzonsa. Tun daga nan guje-guje ya zama harkar da fadar sarki ke sa wa ido da kanta. Ƙasar ta gina tsarin tattara matasa masu hazaƙa a cibiyar horo ta Rabat, ana kuma kai su garin Ifrane da ke kan duwatsun Atlas, sama da mita 1600 daga doron teku, inda ƙarancin iska ke horar da huhu da jini. A wannan tsari ya tashi, ƙarƙashin kocinsa Abdelkader Kada, wanda ya zauna tare da shi har ƙarshen aikinsa.

Wannan gata yana da kaifi biyu, kuma ina ganin ba a cika faɗar haka ba. Yaron da sarkin ƙasarsa ya kira a waya ranar da ya faɗi ya sami abin alfahari, amma ya kuma ɗauki bashi. Duk lokacin da ya tsaya a layi bayan wannan rana, ya san ba don kansa kaɗai yake gudu ba, kuma ƙasar da ta auna Aouita da Nawal da zinaren Olamfik ba za ta auna shi da wani abu daban ba. Ina jin wannan ne ya sa kashin Sydney ya yi masa ciwo fiye da kima.

Game da lambobin kansu, waɗanda suka fito daga cikin gidan guje-guje sun riga 2004, kamar yadda Ɗalibin Lissafi ya nuna. Waɗanda suka fito daga waje kuwa sun taru ne a bayan Atina. A 2004 Sarki Muhammad na Shida ya ba shi lambar girma ta ƙasa. A shekarar ce Sifaniya ta ba shi kyautar Yariman Asturias ta fannin wasanni, wadda Hassiba Boulmerka ta Aljeriya, ita ma 'yar tseren mita 1500, ta samu a 1995. A Atina ne kuma 'yan wasa suka zaɓe shi cikin wakilansu a kwamitin Olamfik na duniya, inda ya zauna har 2012. Bai sake yin wata babbar gasa ba bayan Atina, ya sanar da ajiye takalminsa a watan Mayu na 2006, sannan a 2014 hukumar guje-guje ta duniya ta sa sunansa a jerin fitattunta na tarihi. Idan ka jera shekarun, Malam Abu Sumayya, za ka ga kai da Ɗalibin Lissafi kowa yana da rabin gaskiya: abokan sana'a sun shaide shi tun da wuri, sarakuna da kwamitoci kuma sai da suka ga zinare.

Abu Sumayya ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Bayanin Baba Tsohon Ɗan Tsere ya sa na koma na sake kallon tseren Atina, a wannan karon ban kalli agogo ba, na kalli inda kowa ya tsaya, kuma lallai na ga abin da ban gani ba da farko. Malama Ummu Fadila, ban taɓa kallon kiran sarki a matsayin nauyi ba sai yau. Saura tambaya ɗaya ƙarama: da yake an ambaci Ingebrigtsen, shin yana kusa da 3:26.00 ɗin, ko kuwa har yanzu da sauran tafiya?

Tsohon Ɗan Tsere ya sake amsawa:

Ɗana, lamarin Ingebrigtsen kamar an juya na El Guerrouj ne. Shi ya fara da zinaren, domin ya ci mita 1500 a Olamfik ta Tokyo a 2021 yana ɗan shekara 20, da 3:28.32. Bayan nan ne manyan tseren ƙarshe suka fara kufce masa: Jake Wightman ya doke shi a gasar duniya ta 2022, Josh Kerr ya doke shi a ta 2023, dukansu 'yan Birtaniya, sannan a Olamfik ta Paris a 2024 ya ja tseren da kansa tun daga farko da mugun sauri, mutum uku suka wuce shi a layin ƙarshe, Cole Hocker na Amurka ya ci da 3:27.65, shi kuma ya tashi na huɗu. Abin da na faɗa a sama game da wanda ya ja ke nan.

Ta fuskar agogo, ya yi mil ɗaya a 3:43.73 a Eugene a 2023, ya kuma yi mita 1500 a 3:26.73 a Monaco a 2024. Ka tuna 'yan tseren yanzu suna da takalma na zamani masu mayar da ƙarfin taku, suna kuma da fitilun da ke gudu a gefen layi suna nuna musu saurin tarihin da suke nema, abubuwan da babu su a 1998. A irin wannan sauri mutum yana cin mita bakwai da 'yan kai a kowane sakan. Saboda haka da za a haɗa tseren Monaco da na Roma a fili ɗaya, lokacin da El Guerrouj zai taka layi, Ingebrigtsen yana da sauran mita biyar a gabansa.